Zaɓen cifset don ɗaga gudun furosesar kwamfutar tebur: Z na Intel da B ko X na AMD

Duk wanda ya yi niyyar haɗa kwamfutar tebur da nufin tura furosesarsa ta yi gudu fiye da yadda kamfani ya tsara mata, tambayar da za ta fara tare shi ita ce wane cifset, wato guntun da ke haɗa furosesa da sauran sassan kwamfuta, ya kamata ya kasance a kan madabod ɗin da zai saya, wato babban allon da ake jona komai a kansa. Tambaya ce da ta cancanci a zauna a kanta, domin kuskure a nan ba ya gyaruwa da sabunta manhaja ko sauya saiti. Cifset a manne yake da allon, kuma idan wanda aka saya bai yarda da ɗaga gudu ba, babu abin da ya rage sai sayen wani madabod. Sai dai akwai kuskure na biyu da ya fi wannan yawa a wurin masu saye, wato ɗaukar cewa cifset mafi tsada shi ne zai ba da gudu mafi yawa. A kwamfutocin yau ba haka lamarin yake ba.

Wannan tunani yana da asali, domin a da gaskiya ne. A zamanin Core 2 Duo da Core 2 Quad, wajen 2006 zuwa 2008, cifset guntaye biyu ne, kuma babban cikinsu shi ke riƙe da sashen da ke sarrafa RAM da hanyar katin hoto. Furosesa ba ta iya kaiwa ga RAM sai ta bi ta cikinsa, ta wata hanya da ake kira FSB, kuma ta ɗaga gudun wannan hanya ne akasarin mutane ke ɗaga gudun furosesa. Saboda haka cifset da ya fi jure gudun FSB, irin su P35 da P45 da X48, shi ke ba da sakamako mafi kyau, kuma masu harkar suna da hujjar yin gardama a kansu. Amma AMD ta mayar da sashen sarrafa RAM cikin furosesa tun 2003 da Athlon 64, Intel ta bi sahu a 2008 da Core i7 na farko, sannan layukan katin hoto su ma suka koma can. Abin da ya rage wa cifset shi ne kula da ramukan USB, da SATA, da ƙarin layukan PCIe, wato hanyoyin da bayanai ke bi da sauri a kan allo, na ma'ajiyar M.2, da hanyar haɗin intanet da makamantansu.

Aikinsa a harkar ɗaga gudu ya koma irin na mai gadin ƙofa: yana iya barin mutum ya shiga ko ya hana shi, amma ba shi zai yi aikin da ke ciki ba. Abin da yake buɗewa ko rufewa kuwa lissafi ne mai sauƙi. Gudun furosesa yana fitowa ne daga agogon tushe, wanda yake 100 MHz a kusan duk kwamfutocin yau, a ninka shi da wata lamba da ake kira lambar ninki. Idan lambar 50 ce, gudu ya zama 5000 MHz, wato 5.0 GHz, idan aka mayar da ita 52, ya zama 5.2 GHz. Cifset da ya yarda da ɗaga gudu shi ne wanda zai bari a sauya wannan lamba a cikin BIOS, wato manhajar saitin da ke cikin allon kansa. Ko furosesar za ta iya zama daram a kan sabuwar lambar, wannan ya rataya ne a kan ingancin furosesar kanta, da wutar da allon ke ba ta, da abin da ke sanyaya ta.

A ɓangaren Intel dokar a bayyane take, kuma ta daɗe ba ta sauya ba. Tun 2011, lokacin da aka fito da jerin Sandy Bridge, kamfanin ya ɗaure agogon tushe da sauran sassan allo ta yadda ba a iya ɗaga shi sai da ɗan kaɗan, ya mayar da harkar gaba ɗaya kan lambar ninki, sannan ya gindaya sharuɗɗa biyu. Na farko, dole furosesa ta kasance mai harafin K a ƙarshen sunanta, ko KF wadda ba ta da sashen hoto a cikinta, ko KS wadda aka tace daga mafi inganci. Na biyu, dole cifset ya kasance cikin waɗanda aka ba izini, waɗanda suka fara da P67 da Z68, suka biyo ta Z77 da Z97 da Z170 da Z390 da Z590, har zuwa Z690 da Z790 da Z890. Sharuɗɗan nan biyu tare suke tafiya. Wanda ya ɗora Core i5-14600K a kan allon B760 zai samu kwamfuta mai aiki lafiya lau, furosesar kuma za ta riƙa kaiwa 5.3 GHz ɗinta na kamfani, amma idan ya shiga BIOS don ya ƙara lambar ninki, ko dai ba zai ga gurbin ba, ko ya rubuta lamba mafi girma furosesar ta ƙi bin ta. Wanda kuma ya ɗora furosesa marar K a kan Z790 ya biya kuɗin izinin da ba zai taɓa amfani da shi ba.

Ba wai cifset ɗin Intel masu harafin B ba su da abin da suke buɗewa ba ne. Daga B560 da H570 na 2021, Intel ta sassauta, ta bari a ɗaga gudun RAM a kan allunan da ba na Z ba, kuma haka aka ci gaba a B660 da B760 da B860. Wannan ya sa ana iya kunna XMP, wato saitin gudun da masu ƙera RAM suka riga suka ajiye a jikinsa. Haka nan yawancin waɗannan alluna suna bari a cire iyakar wutar da furosesa ke sha, kuma ga furosesa kamar Core i7-13700, wadda aka rubuta mata wat 65 amma take iya kaiwa wat 219 idan ta buɗe wuta, cire wannan iyaka yana sa ta daɗe a kan gudunta na sama maimakon ta sauko bayan ɗan lokaci. A ganina mutane da yawa da ke cewa suna son ɗaga gudu, abin da suke nema ke nan a zahiri, kuma B760 mai kyau ya ishe su. Amma ya kamata a kira abu da sunansa: wannan ba ya kai furosesa sama da gudun da kamfani ya rubuta mata. H610 da H810 kuwa ba su da gurbi a wannan zance, domin ko RAM ba sa bari a ɗaga.

Aƙalla sau biyu an taɓa samun hanyar zagaye wannan doka, kuma har yanzu ana jin labarinta. A ƙarshen 2015 wasu masu ƙera alluna sun fitar da BIOS da ke bari a ɗaga agogon tushe a kan Z170 da furosesa marar K, Intel kuma ta toshe hanyar cikin 'yan watanni. A 2022 an sake ganin haka a wasu tsirarun allunan B660 masu ɗauke da guntun agogo na daban, waɗanda suka ba da damar tura furosesa irin Core i5-12400 nesa da gudunta na asali, amma hanyar ba ta bi jerin da ya biyo baya ba. Bai kamata mutum ya gina sayayyarsa a kan abin da sabunta BIOS guda ɗaya zai iya rufewa ba.

Tsakanin Z ɗin kansu, soket, wato gurbin da ake ɗora furosesa a kan allo, shi ne ke fara raba gardama. Z690 na 2021 da Z790 na 2022 duk na soket LGA1700 ne, wanda ke ɗaukar jeri na 12 da na 13 da na 14. Ta fuskar ɗaga gudun furosesa izininsu ɗaya ne. Bambancinsu yana cikin layukan PCIe na cifset: dukansu suna da har 28, amma 12 ne kawai masu ƙarni na 4 a Z690, yayin da Z790 ke da 20. Allon Z690 mai inganci zai iya riƙe Core i7-14700K kamar yadda Z790 zai riƙe ta, muddin an sabunta masa BIOS tukuna, domin in ba haka ba ko tashi ba zai yi da ita ba. A wannan soket kuma akwai alluna na DDR4 da na DDR5, kuma kusan kowane allo nau'i ɗaya yake ɗauka. Z890 na 2024 kuwa na soket LGA1851 ne da jerin Core Ultra 200S, DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma babu tsohuwar furosesa da za ta shige shi. Wani abin da Z ya fi B da shi a duk waɗannan jeri shi ne faɗin hanyar da ke haɗa cifset da furosesa, wato DMI, wadda take da layi 8 a Z, da layi 4 a B760 da B860. Wannan yana da amfani ga mai ma'ajiyar M.2 da yawa masu aiki lokaci guda, amma ba ya ƙara wa furosesa ko 1 MHz.

AMD ta ɗauki wata hanya daban tun fitowar Ryzen a 2017. Kusan duk furosesoshinta na tebur a buɗe suke, ba tare da wani harafi na musamman ba, kuma izinin ɗaga gudu bai tsaya ga cifset mafi tsada ba. A soket AM4, X370 da X470 da X570 sun yarda, haka nan B350 da B450 da B550, A320 da A520 ne kawai aka rufe. Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin kamfanonin biyu ga mai neman ɗaga gudu: a Intel ana biyan ƙari sau biyu, a kan furosesa da kuma a kan allo, a AMD kuwa allo na tsakiya ya riga ya zo da izinin.

Soket AM5, wanda ya fito a 2022 kuma DDR5 kaɗai yake ɗauka, shi ya fi ruɗa masu saye, saboda yawan sunaye. An fara da X670E da X670 da B650E da B650, A620 ya biyo baya a 2023, sai X870E da X870 a 2024, sannan B850 da B840 a farkon 2025. Idan aka ɗaga ƙarfen da ke rufe da cifset ɗin, za a ga lamarin bai kai yawan sunayensa ba. Guntu iri ɗaya ne, mai suna Promontory 21, ke ƙarƙashin yawancinsu. X670 da X670E da X870E suna da guda biyu da aka jera ɗaya bayan ɗaya, B650 da B650E da B850 da X870 kuwa suna da guda ɗaya. Guntu na biyu yana ƙara ramukan USB da SATA da layukan PCIe, amma dukansu ta hanya ɗaya mai layi 4 suke komawa ga furosesa. Sauran bambancin sharuɗɗa ne da AMD ta ɗora wa masu ƙera alluna: harafin E a B650E da X670E yana nufin dole ramin katin hoto ya kasance PCIe ƙarni na 5, X870 da X870E kuma dole su zo da USB4. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa lambar ninki ko wutar furosesa. Ryzen 7 9700X da ke kan B850 tana da damar da 'yar'uwarta da ke kan X870E take da ita, in dai allunan biyu suna ba da wuta daidai wa daida.

B840 ne ya kamata a yi hattara da shi. Shekaru da yawa masu saye sun saba da cewa B a wurin AMD yana nufin an yarda da ɗaga gudu, amma B840 bai yarda da na furosesa ba, na RAM kawai ya bari, matsayinsa ɗaya da A620. Tsakaninsa da B850 lamba ɗaya ce a rubuce, kuma kwalayensu kan yi kama da juna. Haka nan B850 na AMD ne, B860 na Intel ne. B650 na AMD ne, B660 na Intel ne. Na AMD ɗin sun yarda da ɗaga gudun furosesa, na Intel ɗin ba su yarda ba, kuma ko soket ɗinsu ba ɗaya ba ne. Wannan kamancen suna bai taimaki kowa ba, kuma dalili ne da ya isa ya sa mutum ya karanta sunan cifset harafi bayan harafi kafin ya biya.

Yadda ake ɗaga gudu a Ryzen na yau ma ya sha bamban da kafa lamba ɗaya ga dukkan cibiyoyin furosesa. Wanda ya kafa lamba ɗaya sau da yawa yakan samu ƙari a aikin da ke amfani da cibiyoyi duka, ya yi asara a aikin cibiya ɗaya, domin furosesar da kanta tana iya haura wannan lamba idan aikin ba shi da nauyi. Shi ya sa akasarin masu harkar suka koma ga Precision Boost Overdrive, wanda ke faɗaɗa iyakar wuta ya kuma bari a ƙara har 200 MHz a kan gudun sama, tare da Curve Optimizer, wanda ke rage boltej a kowane mataki na gudu domin furosesa ta samu sararin zafi ta hau da kanta. Waɗannan duka suna nan a cifset na B650 da B850 kamar yadda suke a na X. Sai kuma batun furosesoshin X3D masu ƙarin ma'ajiyar 3D V-Cache. Ryzen 7 5800X3D na 2022 a rufe ta zo, 7800X3D ta yarda da Precision Boost Overdrive da Curve Optimizer amma ba ta yarda a ɗaga lambar ninki da hannu ba, sai a 9800X3D ta Nuwamban 2024 ne aka buɗe komai, bayan an mayar da ƙarin ma'ajiyar ƙarƙashin cibiyoyin maimakon samansu, abin da ya sauƙaƙa fitar zafi. Sayen allo mai tsada domin a ɗaga gudun 5800X3D ɓarnar kuɗi ce kawai.

Da zarar an samu izini, abin da ke yanke hukunci shi ne VRM, wato jerin guntayen da ke kewaye da soket, waɗanda ke karɓar bolt 12 daga akwatin wuta su sauke shi zuwa bolt 1 da 'yan kai da furosesa ke buƙata. A nan ne ya kamata mai saye ya fi daɗewa. Wutar da furosesa ke sha tana hawa daidai da gudu, amma tana hawa da boltej ninki cikin ninki. Idan aka ɗaga gudu daga 5.0 zuwa 5.2 GHz, an ƙara kashi 4 cikin 100 ke nan. Idan hakan ya buƙaci a ɗaga boltej daga 1.25 zuwa 1.35, jimillar wutar za ta ƙaru da kusan kashi 21 cikin 100. Furosesa kamar Core i9-14900K, wadda iyakarta ta kamfani ta riga ta kai wat 253, tana jan amfiya sama da 200 ta cikin waɗannan guntaye tun kafin a taɓa komai. Manyan Ryzen 9 na AM5 su ma an ba su har wat 230 daga soket. Duk wannan wuta ta VRM take bi, kuma wani kaso nata yana zama zafi a jikinsa.

Ana iya ganin rashin ƙarfin VRM da ido. A buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna gudu da zafin sassan kwamfuta, a gefe, a kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, ya yi ta maimaita aiki. A mintunan farko gudun zai tsaya inda aka kafa shi, zafin furosesa kuma ya tsaya a wuri guda, amma layin da ke nuna zafin VRM zai ci gaba da hawa a hankali. A allon da ba shi da isasshen ƙarfen shan zafi a kan waɗannan guntaye, lambar za ta haura digiri 100, sai a ga gudun furosesa ya faɗi kwatsam, ya dawo, ya sake faɗuwa, alhali ita furosesar ba ta kai iyakar zafinta ba. Allon ne ke kare kansa. Wannan yana iya faruwa a allon Z790 ko X670 na ƙasa-ƙasa, kuma yana iya ƙin faruwa a allon B650 mai kyau, domin sunan cifset bai tilasta wa mai ƙera allo ya zuba VRM mai ƙarfi ba. Gaskiya ne cewa alluna masu cifset mai tsada sun fi zuwa da VRM mai kyau, amma wannan shawara ce ta mai ƙerawa, ba aikin cifset ba ne. Lambobin da ake bugawa a jikin kwali, irin su 14+2+1 ko 18+1+2, su ma ba su isa hujja ba su kaɗai. Lamba ta farko ce ke ciyar da cibiyoyin furosesa, kuma dole a duba ƙarfin kowane guntu, ko amfiya 60 ne ko 80 ko 105, da kaurin ƙarfen da ke kansa, da ko iska tana ratsa shi a cikin akwatin kwamfutar.

RAM ma yana da nasa hukuncin, kuma a ayyuka da yawa, musamman wasannin kwamfuta, ɗaga gudunsa da matse lokutansa yana ba da riba da ta kai ta ɗaga furosesa ko ta fi. A nan ma ba cifset ke aikin ba, tunda sashen sarrafa RAM yana cikin furosesa. Abin da ke tasiri shi ne yadda aka shimfiɗa wayoyin allo tsakanin soket da ramukan RAM, da yawan shimfiɗun allon, ko 6 ne ko 8 ko fiye. Allo mai rami biyu ya fi mai rami huɗu kai wa gudu mai nisa, shi ya sa allunan da aka ƙera musamman domin wannan harka, irin su ROG Maximus Apex na ASUS da Tachyon na Gigabyte, rami biyu kawai suke da shi duk da tsadarsu. Cika ramuka huɗu da DDR5 kuwa yakan tilasta a sauke gudu sosai. A AM5, DDR5-6000 shi ne wurin da akasarin furosesoshi ke iya tafiyar da sashen sarrafa RAM kafaɗa da kafaɗa da RAM ɗin, kuma kusan duk allon B650 ko B850 mai mutunci zai kai nan ta hanyar kunna EXPO, wato takwaran XMP a wurin AMD. Furosesoshin Intel na baya-bayan nan sun fi cin ribar RAM mai gudu sosai, kuma wanda ke hangen DDR5-8000 zai fi samun allon da zai kai shi can a cikin manyan Z790 da Z890.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a kula da su ranar saye, sai ranar da aka fara aiki. Wanda ya matse lokutan RAM fiye da kima, ya ajiye saiti, kwamfuta ta mutu ta tashi, fankoki suna juyawa amma fuskar kwamfutar baƙi ƙirin, shi zai san darajar maɓallin goge saitin BIOS da ke bayan akwati. In babu shi, sai an kwance murfi, wani lokaci a cire katin hoto, a laluba ƙananan ƙusoshi biyu ko a zare ɗan batirin allo, kuma mai ɗaga gudu zai maimaita wannan sau da yawa kafin ya samu saitin da ya zauna. Haka nan ɗan gilashin nan mai nuna lambobi biyu, ko aƙalla fitilu huɗu masu nuna ko furosesa ce ko RAM ko katin hoto ya tsayar da tashi, yana bambanta kwamfutar da ta maƙale da wadda take gwada RAM kawai, domin DDR5 a AM5 yakan ɗauki lokaci mai ɗan tsawo a tashin farko. Sai maɓallin sabunta BIOS daga filashi ba tare da furosesa ba, wanda shi ke ceton mai ɗora sabuwar furosesa a kan allon da ya girme ta. Idan kuɗi ba su kai a samu komai ba, na fi son allon B850 mai waɗannan abubuwa a kan X870 marar su.

Abubuwa biyu da suka faru kwanan baya sun nuna cewa kulawar mai ƙera allo da BIOS tana cikin abin da ake saya. A Afrilun 2023 an samu rahotannin ƙonewar wasu furosesoshin Ryzen 7000, musamman na X3D, kuma AMD ta fitar da gyara da ya kafa iyakar boltej na sashen SoC, wanda ya haɗa da sashen sarrafa RAM, a kan bolt 1.3. A 2024 kuma manyan furosesoshin Intel na jeri na 13 da na 14 sun riƙa rasa daidaito saboda boltej da ya yi yawa yana gajiyar da su, har kamfanin ya fitar da gyare-gyaren maikurokod, wato ƙaramar manhajar da ke tafiyar da furosesa daga ciki, ciki har da 0x129 a watan Agusta da 0x12B a watan Satumba, ya kuma ƙara shekara 2 a kan garantinsu. Duk waɗannan gyare-gyare ta hanyar BIOS na allo suke isa ga mai kwamfuta. Wanda zai ɗaga gudu a kan ɗayan waɗannan furosesoshi, sabunta BIOS ne aikinsa na farko kafin ya taɓa kowace lamba. Ya kuma sani cewa kamfanonin biyu suna ɗaukar sauya gudu ko boltej a matsayin fita daga ƙa'idarsu, abin da zai iya shafar garanti, kuma a wurin AMD har Precision Boost Overdrive yana cikin wannan.

Ya dace kuma a auna ribar da ake nema da kuɗin da za a kashe. Core i5-2500K ta 2011 tana tashi daga 3.3 GHz zuwa 3.7, kuma mutane da yawa sun tura ta wajen 4.5 GHz da na'urar sanyaya ta iska, ƙarin da kowa ke ji a jikinsa. Core i9-14900K kuwa daga kamfani take kaiwa 6.0 GHz, tana dab da iyakar zafi da ta wuta, kuma abin da ya rage a ƙara mata kaɗan ne. Kamfanoni sun riga sun kwashe mafi yawan sararin da masu ɗaga gudu ke cin moriyarsa a da. Furosesoshin tsakiya, irin su Core i5 masu K da Ryzen masu wat 65, su suka fi saura da sarari, domin an bar su nesa da iyakarsu.

Ga mai haɗa sabuwar kwamfuta da Intel wanda ya tabbata zai taɓa lambar ninki, zaɓi ɗaya ne: Z890 da Core Ultra mai K, ko Z790 ko Z690 da furosesar LGA1700 mai K, sannan a cikin allunan Z ɗin ya nemi wanda VRM ɗinsa ya dace da furosesar, domin Core i5 ba ta buƙatar abin da Core i9 ke buƙata. Ga mai haɗawa da AMD, B650 ko B850 mai VRM mai ƙarfi ya wadatar har ga Ryzen 9, kuma rarar kuɗin ta fi amfani a kan na'urar sanyaya da RAM mai kyau. X870 ya cancanci kuɗinsa ga mai buƙatar USB4, X670E da X870E kuma ga mai ma'ajiyoyi da na'urori da yawa da zai jona, ko mai son guntun agogo na daban da wasu manyan alluna ke zuwa da shi. AM5 yana da wata fa'idar kuma, domin AMD ta ce za ta ci gaba da tallafa wa soket ɗin har 2027 da bayanta, alhali LGA1700 ya tsaya a jeri na 14. Wanda ke kan AM4 kuwa, B550 ya ishe shi. Fifikon X570 shi ne layukansa duka na PCIe ƙarni na 4 ne, kuma yawancin allunansa na farko suna da ƙaramar fanka a kan cifset mai ƙara hayaniya.

Kafin a biya kuɗi, a buɗe shafin allon a wurin mai ƙera shi, a tabbatar da sunan cifset, a duba jerin furosesoshin da yake ɗauka da lambar BIOS da kowace ke buƙata, sannan a nemi RAM ɗin da ake son saya a cikin jerin waɗanda aka gwada da allon, a gudun da ake so da kuma yawan sandunan da za a saka. Bayan haka a nemi gwajin zafin VRM na wannan allo takamaimai, wanda aka yi da furosesa mai shan wuta kamar wadda za a ɗora masa ko fiye, domin alluna biyu masu cifset ɗaya daga kamfani ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a wannan gwaji.